Sauya ƙaramin injin juya katako: suna kake saya ko ƙarfe?

Mai ƙaramin injin juya katako yakan fara tunanin sauyi ne ranar da ya ɗora guntun icce mai faɗin inci 9 ko 10 don ya fitar da akushi, injin ya kama rawa a kan benci, moto ya riƙa tsayawa da zarar cizal, wato ƙarfen sassaƙa, ya ɗan nutse. Daga nan sai a shiga tambaya: in bar wannan kamfani in koma Jet, ko Rikon, ko Nova, ko Record Power? Ra'ayina shi ne tambayar ta karkace tun daga tushe. A ajin ƙananan injina, suna shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Mafi yawansu a China ko Taiwan ake zuba ƙarfensu, kuma in ka jera masu inci 10 (wato faɗin katakon da suke iya juyawa) guda uku na kamfanoni daban-daban za ka ga gadonsu (dogon ƙarfen da komai ke zaune a kai), da kan injin da ke juya katako, da wutsiyar da ke tokare shi ta ɗaya gefen, kusan zubi ɗaya ne, fenti ne ya raba su. Wanda ya sayar da mai inci 10 ya sayo wani mai inci 10 da moto iri ɗaya, launi kawai ya sauya.

Mu da ke zaune a Turai da 'yan'uwanmu da ke Amurka muna karanta shawarwarin juna, kuma a nan ake yawan yin ɓatan kai, domin kasuwannin biyu ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Zan zo kan wannan. Amma tukuna, shin injin naka ya gaza ne, ko kuwa gyara yake nema? Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Cire wuta, ka sassauta bel ka zame shi daga kan fuli, sannan ka juya sandar kan injin da hannu. Ya kamata ta juya sumul ba ƙara. In ka ji gurnani ko kamar yashi a ciki, boris ya tafi. Yawancin ƙananan injina boris biyu ne a kai, irin na gama-gari masu lamba kamar 6204 ko 6205, lambar na rubuce a gefensu, kuma ba dole sai daga kamfanin injin za a samo su ba. In sandar ta juya lafiya amma injin na buga ƙwas-ƙwas yayin aiki, duba ƙaramar kusar da ke riƙe fuli a jikin sanda, sau da yawa ita ce ta kwance. Bel ɗin da ya daɗe a ɗaure ba a aiki da shi yakan sandare da lanƙwasa a wuri ɗaya, ya riƙa ba da girgiza kowane zagaye. Moto mai gurnani ba ya tashi sai an tura shi da hannu, kafasito ne galibi, wato ɗan kayan lantarkin da ke taimaka wa moto ya tashi. Moto mai maɓallin ƙara gudu da ke tartsatsi ko yana yankewa, duba burushin kabon guda biyu da ke gefensa. In gudu na hawa yana sauka shi kaɗai, ƙura ce ta shiga maɓallin murɗawa ko kuma ya cinye. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kai dalilin rabuwa da inji.

Sai gwajin tsini, wato ƙarafa biyu masu kaifin baki da ke riƙe katako ta gefe biyu. Sa tsini a kai, sa tsini a wutsiya, ka turo wutsiyar har su kusa haɗuwa, ka kulle ta. Dole bakin ya fuskanci baki. In sun saɓa hagu ko dama, kada ka yi saurin zargin masana'anta: ƙaramin gado yana murɗewa idan an ɗaure ƙafafunsa huɗu a kan bencin da bai daidaita ba. Kwance kusoshin ka sake dubawa, in sun dawo daidai sai ka cusa siririn falle na ƙarfe ƙarƙashin ƙafar da ke reto. Ka kuma goge cikin ramin da tsinin ke shiga, domin ɓurɓushin katako ɗaya tak ya isa ya karkatar da shi. Wutsiyar da ke ja da baya idan an matsa katako, akwai noti a ƙarƙashin gado da ke riƙe farantin makulli, rabin juyi da sifana yakan kashe maganar. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne tsini ɗaya ya fi ɗaya tsawo sosai, ko sandar kai ta lanƙwashe. Ɗora agogon awo mai allura, wanda ke nuna karkacewa, a kafaɗar sandar inda cak (abin da ke damƙe katako) ke zama ka juya a hankali. In allurar ta yi motsin da ya wuce milimita 0.05 bayan an sa sabon boris, to sandar ce.

Idan duk wannan lafiya lau ne kuma har yanzu injin bai ishe ka ba, to ka girme shi ne, kuma a nan sauyi ke da ma'ana. Abin da na fi ba nauyi, fiye da ƙarfin moto ma, shi ne mafi ƙanƙantar gudun da injin zai iya yi.

Masu wannan sana'a suna da wani lissafi: faɗin katako a inci, a ninka shi da yawan juyi a minti, amsar ta faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 10 ke nan juyi 600 zuwa 900, kuma wannan ga katakon da ya riga ya zama da'ira ne. Ɗanyen guntu mai nauyi a gefe ɗaya yana son a fara da 300 ko ƙasa da haka har a sare masa kusurwoyi. Yanzu ka duba injin da ake sauya wa gudu da matsar da bel kaɗai: Jet JWL-1015 yana farawa ne daga 500, wasu masu matakai biyar kuma daga wajen 750. Ƙarfin da ke fizgar inji idan katako bai daidaita ba ya fi gudun saurin hawa: in ka ninka gudu sau biyu, fizgar ta ninka sau huɗu. Tsakanin 250 da 750 ninki tara ke nan. Shi ya sa injin ke tafiya a kan benci, ba wai kamfanin ne bai iya aiki ba. Nova Comet II da Rikon 70-220VSR suna sauka zuwa 250, Jet JWL-1221VS kuwa har 60. Ga mai akushi wannan bambanci ne na gaske. Ga mai yin alƙalami da marfin kwalba da hannun kayan aiki, wanda ke aiki a 2,000 zuwa 3,000, ba zai ma lura da shi ba, kuma a ganina bai da dalilin sauya inji ko kaɗan.

Akwai tarko a cikin maɓallin gudu ɗin kansa. Yawancin ƙananan injina masu maɓalli moto mai burushi suke da shi, kuma in ka murɗe maɓallin ƙasa ƙarfi ma ya ragu. Mutum sai ya bar bel a matakin sama, ya rage gudu da maɓalli zuwa 500, cizal ya taɓa katako moto ya tsaya, ya ce injin ba ƙarfi. Mayar da bel matakin ƙasa, ka buɗe maɓallin sosai, gudun ɗaya ne amma ƙarfin murɗawa ya ninka. Injinan da ke da moto mai layin wuta uku da inbata, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa gudu, sun fi riƙe ƙarfi a ƙaramin gudu, ba su kuma da burushin da zai cinye, sai dai sun fi tsada, kuma in akwatin lantarkin ya ƙone ba abin da za ka gyara da sukudireba ba ne. Injin bel zalla ba shi da wannan fargaba. Shekara ashirin zai yi, kafasito da bel kaɗai zai ci.

Kan ƙarfin moto, wanda ake aunawa da ƙarfin doki ko da wat, rabin doki wajen wat 370 ne, kashi uku cikin huɗu wajen wat 560, doki ɗaya wat 746. Amurkawa da doki suke rubutawa, Turawan nan da wat. Abin lura, wani lokaci wat ɗin da ke kan takarda na wutar da moto ke sha ne, ba na ƙarfin da yake fitarwa ba, kuma tazarar tana da yawa. Nemi adadin fitarwa kafin ka gwada inji da inji. Tashi daga 370 zuwa 750 za ka ji shi a hannunka. Daga 370 zuwa 450 ba za ka ji komai ba.

Faɗin da ake tallatawa ma yana da ƙarin bayani. In an ce inji mai inci 12 ne, faɗin katakon da zai juya bai taɓa saman gado ba ake nufi. Da zarar gindin majinginar cizal, wato ƙarfen da ake ɗora cizal a kai yayin aiki, ya shiga ƙarƙashin katakon, kusan inci 3 sun tafi. Kuma guntun da bai zama da'ira ba kusurwarsa ce za ta bugi gado. Inji mai inci 12 akushin inci 10 zuwa 11 yake fitarwa cikin kwanciyar hankali. Tsawo kuwa ba matsala ba ne sosai, domin yawancinsu ana ƙara musu gado da kusoshi, in ƙafar tebur kake so. Sai ka tabbatar kamfanin na sayar da ƙarin gadon a ƙasar da kake.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke zubewa ba su sani ba: tiredin sandar kai, wato zaren da aka yanka a bakinta irin wanda noti ke hawa. Duk cak da farantin ɗaure katako da ka tara, a kan wannan tiredi suke hawa. A Amurka ƙananan injina kusan duka inci 1 ne mai zare 8 a kowane inci, manya kuma inci 1 da kwata. A Turai M33 x 3.5 ya mamaye, wato kaurin milimita 33. Tsofaffin injinan Record Power na Ingila da wasu ƙanana suna da kashi uku cikin huɗu na inci mai zare 16. Har inji ɗaya mai suna ɗaya yakan zo da tiredi daban gwargwadon nahiyar da aka sayar da shi, saboda haka kada wanda ke Jamus ya dogara da takardar bayanin da aka rubuta wa 'yan Amurka. Juya cak ɗinka ka duba bayansa. In yana da zobe mai cirewa, kamar yadda yawancin na Nova da Vicmarc da Oneway suke, zoben kawai za ka sauya. In kuwa an yanka tiredin a jikin cak ɗin ne kai tsaye, sai adafta, ni kuma ba na son adafta a ƙaramin inji. Tana turo cak gaba da santimita biyu zuwa huɗu, nauyi ya yi nisa da boris, girgiza ta ƙaru, kowane ɗan kuskuren tiredi kuma ya ninku a bakin akushi.

Haka ramin tsini. Awonsa biyu ne a ƙananan injina, ana kiransu MT1 da MT2: MT1 bakinsa wajen milimita 12 ne, MT2 wajen milimita 18. Tsinin tuƙi, tsinin wutsiya mai boris, cak ɗin huda rami, sandar yin alƙalami, duk a kan wannan awo suke. Wanda injinsa MT1 ne da ƙaramin tiredi, wannan kaɗai ya isa hujjar sauyi, domin kayan haɗi masu kyau an fi yin su a MT2, kuma duk babban injin da zai saya nan gaba za su bi shi. Wanda ya riga yana kan MT2, kada ya yarda ya koma baya. Ƙafar majinginar cizal ma a auna ta: wasu milimita 16 ne, wasu inci 1 cif (milimita 25.4), wasu milimita 25, kuma wannan ɗigo huɗu na milimita ya isa ya hana ta shiga rami.

Maganar wuta gajeriya ce amma tana ƙona inji. Amurka da Kanada volt 120 ne, zagaye 60 a daƙiƙa. Turai 230 ne, zagaye 50. Taransifoma tana gyara volt, ba ta gyara zagaye. Moton da aka yi don juyi 1,725 zai koma wajen 1,425 a wutar 50, ya kuma fi ɗaukar zafi. Garanti ma yawanci ba ya tsallake teku. Duk yabon da ake yi wa wani inji a Amurka, in ba a yin irinsa na 230, ka manta da shi.

To ina suna ke da amfani? Wuri biyu. Na farko kayan gyara: kafin ka biya, nemi zanen sassan injin, ka ga ko akwatin lantarki da bel da sandar kai suna da lamba kuma ana sayar da su ɗai-ɗai. Ƙarfen zubi ba ya mutuwa, allon lantarki ne ke mutuwa, kuma inji mai shekara shida da ba a samun allonsa ya zama nauyin banza. Na biyu ƙananan abubuwan da hannu ke taɓawa sau ɗari a yini, waɗanda takarda ba ta faɗa. In ka sami damar taɓa injin, kulle gindin majingina da yatsa biyu ka buga shi da tafin hannu ka ga ko zai motsa. Fitar da hancin wutsiya har ƙarshe ka girgiza shi. Buɗe murfin bel ka ga ko hannunka na shiga ba sai ka zagaya bayan injin ba. Duba hannayen kullewa, na roba ne ko na ƙarfe. Duba inda makunni yake: in sai ka miƙa hannu ta gaban katakon da ke juyawa kafin ka kashe, wannan aibi ne babba. In injin na juyawa baya, wanda ke da daɗi wajen goga samfefa, a tabbatar cak na da kusar da ke kulle shi a sanda, in ba haka ba zai kwance kansa ya faɗo.

Nauyi kuma ba a yi masa dabara a masana'anta. Injinan da mutum ɗaya ke ɗauka da hannu biyu ba sa shanye girgiza kamar Jet 1221 mai kilo 55 ko makamancinsa. Amma kafin nauyi ya sa ka sayayya, ɗaure wanda kake da shi da kusoshi a benci mai kauri, ka jibga buhun yashi biyu a katakon ƙasa. Ka kuma wasa cizal. Dakusasshen cizal yana sa a danna da ƙarfi, moto ya tsaya, a ɗora wa inji laifi, kuma injin wasa mai kyau ya fi sabon inji sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Akwai ƙananan injina na Vicmarc daga Ostareliya da Oneway daga Kanada waɗanda ajinsu daban ne, a aikin ƙarfe da kuma a kuɗi. Waɗannan na wanda ya tabbatar ƙananan abubuwa zai yi ta yi ne har abada kuma yana son daidaito. Wanda kuwa ransa ke kan akushi mai inci 14, kada ya tsaya a inci 12 ko na wane kamfani ne, domin cikin shekara ɗaya zai sake wannan tambayar. Ya haƙura ya tara ya sayi mai inci 16 da ƙafafunsa na ƙarfen zubi, ya bar ƙaramin a gefe don alƙalami da goge-goge, tunda abin da za a ba shi in ya sayar da shi ba zai taka kara ya karya ba.