Ƙannena, ku daina auna jarumar fim da surarta

Jiya bayan la'asar na tsaya shagon masu tura fina-finai don in karɓi wayata da na bayar caji, kuma abin da na gani a wurin har yanzu yana cin raina. Samari huɗu ne a kan benci, babbansu bai wuce shekara 19 ba, sun haɗa kai kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin jaruman Marvel mai fassarar Hausa. Da jarumar ta fito cikin baƙaƙen kaya da suka ɗame ta, sai mai wayar ya tsayar da fim ɗin, ya sa yatsu biyu ya janyo hoton, suka kaure da ihu suna tafawa. Wata yarinya mai tallan gyaɗa tana tsaye gefe da farantinta a ka, tana leƙe. Ɗayansu ya juyo ya ce mata, "Ke, in kin girma haka za ki zama?" Ta ja hijabinta ta wuce, ko cinikin ba ta tsaya yi ba.

Haba ƙannena! Mace ta kayar da ƙarti goma, ta ceci abokan tafiyarta, amma ku abin da idonku ya gani ƙugu ne kawai?

Na san ruwa ba ya tsami banza, masu shirya finafinan ne suka fara haƙa ramin. Jarumar Marvel mai suna Black Widow ta fara fitowa a fim ɗin Iron Man 2 a 2010, kuma tun fitowar farko kyamara jikinta take bi. Ita kanta Scarlett Johansson da ta hau matsayin ta faɗa a 2021 cewa a wancan fim an ɗauki jarumar tamkar wani kaya da ake sha'awar mallaka. Shekara 11 ta yi tana rakiyar maza kafin a ba ta fim nata, shi ma sai bayan an kashe ta a labarin 2019. Namiji zai shiga yaƙi sanye da ƙarfe daga kai har ƙafa, mace kuwa a turo ta filin daga da cinya a waje. Wace irin garkuwa ce wannan? Da fim ɗin Catwoman ya faɗi warwas a 2004, maimakon a ce labarin ne ba shi da kai, sai aka yi ta cewa mace ba ta iya ɗaukar fim. Sai da darakta Patty Jenkins ta fito da Wonder Woman a 2017, ya tara sama da dala miliyan 800, sannan bakuna suka mutu.

To amma su kasuwa suke yi, sun san abin da ido ke so. Ku fa? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ku ne kuke tsayar da hoton, ku ne kuke yanko shi ku ɗora a WhatsApp da kalaman da ba za ku iya maimaitawa gaban mahaifiyarku ba. 

Abin da ya fi ɓata min rai, ko an kawo muku mai kyau ba kwa gani. A Black Panther na 2018, Okoye shugabar dakaru ce, da mashi a hannu da sulke a jiki, ga riƙon amanar sarauta. Shuri kuwa ƙwaƙwalwa ce, ita ke ƙera kayan yaƙin yayanta sarki. Ruth Carter da ta tsara suturarsu har Oscar ta samu. Amma na sha jin yaro yana cewa Okoye ba ta burge shi ba, wai don kanta a aske yake. Idon da ya saba da tsirara, mutunci ba ya cika shi. Kuma idon nan da shi za ku koma gida ku kalli ƙannenku mata da 'yan ajinku, da shi za ku je zance.

Ku gyara kallonku tun kuna ɗanye, don icce in ya bushe ba ya tanƙwaruwa. Ku riƙa tambayar kanku me jarumar nan ta yi, me ta tsaya a kai.

Mu da muka taso, a kan tabarma muka fara jin jaruntar mata. Kakata takan ba mu labarin Amina ta Zazzau da ganuwowin da ake jingina mata, da Nana Asma'u 'yar Shehu da jajis ɗinta masu bin ƙauyuka suna karantar da mata. 'Yan uwanmu na Nijar suna da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. Ban taɓa jin wani yaro ya tambayi yadda ƙirar jikinsu take ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. A lokacin, in saurayi ya yi wa yarinya irin maganar da na ji jiya, dattijon da ke wucewa ya isa ya ja masa kunne, uban yaron kuma har godiya zai yi. Jiya akwai manya uku a shagon nan, har da mai furfura, kowa kansa na kan wayarsa.