Ku daina taɓa mini sifirin ɗin injin yankan ciyawa

Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk ranar da na ɓata safiyata na daidaita sifirin ɗin injin da muke aske ciyawar filin ƙwallo da shi, washegari sai in tarar wani ya sa sifana ya murɗe noti ɗaya ya yi tafiyarsa.

Injin nan ba irin na gida ba ne mai wuƙa ɗaya tana juyawa a kwance. Wuƙaƙensa a jikin ganga suke, suna haɗuwa da wata wuƙar a ƙasa kamar almakashi. Shi sifirin aikinsa ya rage wa kan yankan, wato ɓangaren da wuƙaƙen suke, nauyi, ya mayar da nauyin kan tayoyi. In ka ɗaure shi da yawa, kan sai ya riƙa tsalle, ciyawa ta fito tudu da kwari kamar an yi kunya a gona. In ka sassauta kuma, ya danne ƙasa, ya ƙwaƙule ciyawar har jar ƙasa ta leƙo, balle yanzu da damina ta jiƙa ko'ina.

Jiya a gaban raga na durƙusa na shafa wurin da hannuna. Gefe ɗaya an aske shi ƙwal, ɗaya gefen ko taɓa shi ba a yi ba. Wurin nan sai ya yi makonni kafin ya farfaɗo, kuma ni za a kira.

Na tambayi yaron da ya hau injin, wai gani ya yi kamar kan yankan ya karkace, shi ya sa ya murɗe notin. Da ido! Haba ɗan'uwa, ko a kan siminti ba ka ajiye shi ka auna ba, kuma ba ka kira ni ba.