Wazirin da sarkinsa ya juya wa baya

'Yan uwa, musamman ku da Allah Ya sa abincinku a ƙofar manya, ku saurari labarin wani lauyan Ingila mai suna Edward Hyde.

An haife shi a 1609, ya karanta shari'a a Landan, ya shiga majalisar dokoki a 1640. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, sai ya tsaya bayan sarki. Aka ci sarkin da yaƙi, aka fille masa kai a 1649. Hyde bai sauya sheƙa ba. Tun a 1646 ya bi ɗan sarkin gudun hijira, shekara 14 yana rayuwa a ƙasashen mutane cikin bashi da ƙuncin aljihu, yana ta rubuta wasiƙu yana ɗinke ɓarakar magoya baya, har aka mayar da Charles na Biyu kan gadon ubansa a 1660. Nan duniya ta buɗe masa: ga shi babban waziri kuma shugaban alƙalai, ga sarautar Clarendon, ga 'yarsa Anne ta auri ƙanin sarki.

Shekara 7 kacal wannan ya ɗauka. Dattijon ba ya ɓoye ƙyamarsa ga sharholiyar fada, bai kuma yarda ya rusuna wa farkar sarki ba, don haka fadawa suka riƙa kwaikwayon tafiyarsa suna dariya. Shi ma da nasa laifin, don ya gina ƙaton gida a Landan lokacin da annoba da gobara suka durƙusar da talakawa. Da jiragen ruwan Holan suka kutsa kogin Medway a 1667 suka ƙona jiragen yaƙin Ingila, aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Sarkin da Hyde ya kula da shi tun yana matashi ya karɓe hatimin mulki daga hannunsa. Ya tsere Faransa yana fama da ciwon gaɓɓai, ya roƙi a bar shi ya dawo ya mutu a gida, ba a amsa ba. A birnin Rouen ya rasu a 1674.

Riƙon amana irin nasa abin koyi ne, kuma wallahi ya yi ƙaranci a cikinmu. Abin da nake jiye mana tsoro shi ne rataye zuciya ga mahaluki. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta rubuta wa Mu'awiya maganar Manzon Allah (SAW) cewa wanda ya nemi yardar Allah ko da mutane za su yi fushi, Allah zai isar masa daga mutane. Wanda kuwa ya nemi yardar mutane da fushin Allah, Allah zai bar shi da mutanen. Tirmizi ne ya ruwaito.

Kai da ke riƙe wa oga jaka, ka yi masa aiki tsakani da Allah, ka faɗa masa gaskiya da ladabi. Amma ranar da ya ce ka sa hannu a takardar ƙarya, ko ka yi shaidar zur, ko aka kira sallah kana jin nauyin tashi don yana magana, ka tuna numfashinsa ma ba a hannunsa yake ba.

Allah Ya sa mu gama lafiya.