Yadda aka mai da adabin Turanci mabuɗin samun aiki a Indiya

Kwalejojin Indiya sun daɗe suna koyar da adabin Turanci kafin Jami'ar Oxford ta amince da shi a matsayin fannin digiri a 1894. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tambayi wa aka shirya wa darasin.

Wata dokar Birtaniya ta 1813 ta wajabta wa Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin ƙasar a lokacin, ware rupi dubu 100 duk shekara don ilimi. Sai dai kamfanin yana tsoron taɓa addinin jama'a, saboda haka bai sa Baibul cikin manhajar makarantun gwamnati ba. Waƙoƙin Milton da wasannin Shakespeare suka cike gurbin: ɗalibi zai sha tarbiyyar Bature da ganin girmansa ba tare da an ce masa ya bar addininsa ba. A 1835 Thomas Macaulay, wani babban jami'in Turawan mulki a Indiya, ya rubuta cewa kanta guda ta littattafan Turai ta fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka rubuta, alhali da bakinsa ya ce bai san Sanskirit (tsohon harshen littattafan Indiya) ko Larabci ba. Gwamna Bentinck ya karɓi shawarar, aka karkatar da kuɗin zuwa karatun Turanci.

A ganina, ƙarfin tsarin yana wajen rabon aiki, kuma nan ne masu sharhi suka fi yin sakaci. A 1837 aka cire Farisanci daga kotuna. A 1844 Gwamna Hardinge ya ba masu karatun Turanci fifiko wajen ɗaukar ma'aikata. Jarrabawar manyan jami'an mulki da aka fara a 1855, a Landan ake zana ta, kuma Girkanci da Latin maki 750 kowanne, Larabci da Sanskirit 375 kowanne. Uban da ke son ɗansa ya ci abinci ba ya bukatar wa'azi kafin ya gane inda zai kai shi.

Lissafin Turawan ya ɓaci a wuri biyu. An zaci ilimin zai gangaro daga 'ya'yan manya zuwa talakawa, amma ya tsaya a birane, karatun kuma ya koma hadda don cin jarrabawa. Sannan waɗanda suka karanta zancen 'yanci a littattafan nan, yawancinsu lauyoyi da 'yan jarida, su ne suka cika zauren taron farko na jam'iyyar Congress, wadda daga baya ta jagoranci neman 'yancin kan Indiya, a Bombay a 1885.