Yardie ya nuna mana bindiga, bai nuna wanda ya raba ta ba

Duk wanda ya kalli Yardie, fim ɗin farko da Idris Elba ya ba da umarni a 2018, zai tashi da kiɗan rege a kunne. A nan kam ya yi ƙoƙari. Labarin wani yaro ne, D, a birnin Kingston na Jamaika a 1973. Wansa ya jera manyan lasifikoki a titi tsakanin gungun 'yan daba biyu da ba sa ga maciji, da fatan kiɗa zai sasanta su. Ana tsakar rawa aka bindige shi. Shekara goma bayan haka ubangidan D, mai buga faifai kuma dillalin hodar iblis, ya tura shi Landan da kaya, unguwar Hackney.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ka gama fim ɗin kana zaton yaran nan haka kawai suka tashi suna kashe juna, kamar a jininsu abin yake. Wa ya ba yaron da ko takalmi ba shi da shi bindiga?

'Yan siyasa ne. Bayan samun 'yancin kai a 1962, manyan jam'iyyu biyu, JLP da PNP, suka yanka unguwannin talakawan Kingston, kowa da tasa. A rusa 'yan bukkoki, a gina gidaje, a raba wa magoya baya kawai, sannan a ɗora wani uban daba ya tabbatar ƙuri'a ɗaya ba ta ɓace ba. Tivoli Gardens ita ce fitacciya, a mazaɓar Edward Seaga na JLP. A Disambar 1976, zaɓe na ƙaratowa, aka shiga har gida aka harbi Bob Marley. A 1978 Marley ya kira Seaga, jagoran adawa a lokacin, da firaminista Michael Manley na PNP kan dandamali ya haɗa hannayensu, jama'a na ta shewa. Zaɓen 1980 ya zo, aka kashe mutum kusan 800. Daga baya harkar hoda ta buɗe, yaran da aka riga aka koya wa harbi suka ga ba sai sun jira ɗan abin da ɗan takara zai miƙo ba, suka bazu New York da Miami da Landan.

Mu da muka san yadda ake tara 'yan sara-suka da 'yan kalare gab da zaɓe, a watsar da su washegari, wannan ba baƙon labari ba ne.

Za a ce ai fim ne na ramuwar gayya, ba darasin tarihi ba, kuma daga littafin Victor Headley na 1992 aka ɗauko shi. Na ji. Amma fim ɗin da ya sami lokacin nuna mana allura na sauka kan faifai, da gumi a ɗakin rawa, ba zai rasa minti biyu na nuna motar mai girma tana sauke akwati da dare ba. Kuma abin bai zama tarihi ba ma. A 2009, da Amurka ta nemi a miƙa mata Christopher Coke, uban dabar Tivoli, gwamnatin firaminista Bruce Golding ta yi watanni tana jan ƙafa, Golding ɗin kuwa shi ne ɗan majalisar mazaɓar da Tivoli take ciki. Da sojoji suka shiga unguwar daga ƙarshe a 2010, an kwashe gawa kusan 70.