Sun karɓi kuɗin plasma sun bar ni da bango duk ramuka

Wai don Allah masu shagunan kayan lantarki, in mutum ya zo sayen shafaffiyar talabijin karo na farko a rayuwarsa, me zai rage ku da shi in kun gaya masa gaskiyar abin da zai ɗauka? Raina a ɓace yake wallahi, kuma ba kuɗin da na kashe ne ya fi ƙona min rai ba, yadda aka maida ni wanda bai san ciwon kansa ba ne, alhali su da suke sayar da abin ko rabin yadda yake aiki ba su sani ba, ko kuma sun sani sun yi gum da bakinsu don kar ciniki ya ɓaci.

Talabijin ɗin da na saya plasma ce mai inci 50. Mai shagon sai zuba yake, Alhaji kai dai ka biya sauran aikin namu ne, za mu kai maka har gida mu maƙala a bango mu haɗa komai, kai dai ka zauna ka riƙe rimot. To mu fara daga kawowar ma. A kwance suka shimfiɗo ta a bayan mota har da wani kwali a kanta, alhali ga kibiyoyi nan ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta suna nuna a tsaye ake ɗaukarta. Plasma fa gilashi ne falle biyu manne da juna, a tsakaninsu akwai ƙananan gurabe birjik cike da iskar gas irin neon da xenon, in ka kwantar da gilashi mai faɗi haka mota tana faɗawa ramuka tsakiyarsa ne ke ɗaukar nauyin, yana iya tsagewa, in ko ya tsage shi ke nan babu batun gyara sai dai a jefar. Na yi wa direban magana ya ce haba yallaɓai ai kullum haka muke kaiwa. Allah ne dai ya tsare.

Sai mai haɗawa. Nan ne aka yi min sakiyar da ba ruwa. Yaro ya zo da na'urar huda bango da wani ɗan ƙarfen maƙalawa a leda, ko ma'aunin nan mai ruwa a ciki da ake duba ko abu ya miƙe bai zo da shi ba, da ido zai auna wai. Bai juya talabijin ɗin ya duba bayanta ba sai da ya gama huda bango ya ɗaure ƙarfen, sannan ya gano ramukan notin ba su dace ba. Abin nan fa ba duba ba ne, akwai ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi ana ce masa VESA, tazarar ramukan da ke bayan talabijin ce a milimita, tawa 400 da 400 ce, shi kuma ya kwaso na 200 da 200 irin na ƙananan talabijin marasa nauyi. A takardar cikin kwali an rubuta, har girman notin an rubuta. Ya kwance ya tafi ya dawo da wani ƙarfen, ya sake huda sabbin ramuka gefen na farko, ya cusa 'yan robobin nan sirara da gajerun kusoshi zai rataya abin da ya haura kilo 20 a saman inda yara ke zama a ƙasa suna kallo. Na ce masa malam tsaya, wannan ba zai riƙe ba, ya ce Alhaji ka bar mu da aikinmu. Ya kama ƙarfen ya ɗan ja don ya nuna min ƙarfinsa sai ga roba ɗaya ta zaro da garin siminti a jikinta, ya yi tsuru-tsuru. Yanzu bangon falona ya koma kamar rariya, fentin duk ya ɓantale, talabijin ɗin kuma da aka samu ta ratayu ta ɗan karkace gefen hagu, duk wanda ya shigo sai ya karkata kai kafin ya gaishe ni.

Kuma ya kafa ta can sama kusa da silin daidai fuskantar taga. Gilashin plasma yana ɗaukar ƙyalli sosai, da rana in ba ka saki labule ba kanka kake gani da kujerun falo maimakon hoto. Mai wannan sana'a ai ya kamata da shigowarsa ya kalli inda haske ke shigowa da inda mutane ke zama ya ce a sa ta daidai tsayin ido, amma ina, ko a jikinsa.

Da aka kunna sai uwargida ta ce wai ita tsohuwar mai ƙusumbi ta fi wannan fitar da hoto, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ya ɗauki tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, ya jona dikoda da ita, wayar da hoton tsohon yayi kawai take iya ɗauka, aka baza shi a kan inci 50 ya zama dishi-dishi, fuskokin mutane sun yi faɗi saboda hoton 4:3 ne aka ja shi ya cika 16:9. Wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto tangaran na zamani, babu a kwali, ba wanda ya ce min in saya tun ina shago, sai da na sake fita nema. Da na jona ta hoto ya gyaru, amma a nan ne na lura da wata, a shago Full HD ya ce min da bakinsa, a takarda kuwa yawan ɗigon hotonta 1024 da 768 ne aka rubuta, wato irin wadda ake kira HD Ready, ita ko Full HD 1920 da 1080 ce, ɗigon hotonta ya ninka na tawa fiye da sau biyu. Wannan ba kuskuren baki ba ne, yaudara ce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yar takardar da ke manne a bayanta, 2013 aka ƙera ta. Sabon shigowa ya ce min. Sabon shigowa daga ina? Pioneer tun 2009 suka sanar za su fita daga harkar talabijin, zuwa ƙarshen 2014 kuwa Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera plasma, kasuwa ta koma kan wani nau'in shafaffiyar talabijin, LCD masu fitilar LED. Ke nan duk plasmar da aka nuna maka yau ko tsohon kaya ne da ya kwana a sito ko wadda aka yi amfani da ita aka goge aka maida kwali, kuma in allon wutarta ya ƙone neman kayan gyara sai an yi da gaske. Ni ba na ce plasma ba ta da kyau ba ne, da daddare in an kashe fitila baƙinta baƙi ne na gaske, ƙwallo ba ya jan wutsiya in ana gudu, wanda ke zaune a gefe ma yana ganin launi daidai. Da an faɗa min shekarunta an rage farashi wataƙila da na ɗauka da sanina. Amma a ɓoye min?

Ga shan wuta, ta ninka LED mai girmanta ko fiye, musamman in hoton mai haske ne, in ka kai hannu samanta bayan an ɗan jima ana kallo zafi kake ji yana tasowa. Yaron kuma ya bar ta a saitin shago, haske a ƙure, maimakon ya maida ta na gida. Haka yara suka wuni da tasha ɗaya, da na canja sai ga inuwar tambarin tashar ta zauna a kusurwar sama. Ita plasma haka take, duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya ba ya motsi, tambari ne ko allon ƙirgen ƙwallo, yana barin tabo, wani ya goge bayan ɗan lokaci wani ya zauna har abada, akwai ma saiti a cikinta da ke ɗan motsa hoton don kare hakan, a kashe na same shi. Na duba takardar garanti, ƙonewar hoto, wato wannan tabon, ba ta cikin abin da suke ɗauka, an rubuta da ƙananan haruffa can ƙasa.

Na kira mai shagon na ce abu uku nake so, a zo a toshe ramukan bango a yi fenti, a sauko da ita a daidaita da kusoshin kirki, sannan a biya ni bambancin Full HD ɗin da aka ce an sayar min. Ya ce Alhaji yi haƙuri yaron ya tafi wani aiki zai kira ka. Yanzu in na buga ma ba ya ɗagawa, na kira da lambar ƙanena ya ɗauka a bugu na farko, yana jin muryata ya ce wai sabis ba kyau ba ya ji na.