Wai ina muka kai aikin hannunmu ne a bikin yaye ɗalibai?

Ni dai gaskiya abin da ke damuna da bikin yaye ɗalibai na gida yanzu ba kuɗin da ake narkarwa kaɗai ba ne, duk bikin ne ya koma iri ɗaya. Ku duba hotunan da ake ɗorawa a Facebook da sitatus ɗin WhatsApp in watan Yuli ya kama, ko na Fadaman Mada ne ko na Yelwa a cikin Bauchi ko na can Azare, balan-balan ne kala biyu, ƙatuwar fosta da aka bugo a shago, kek mai hoton yaro a kai, sai kofin roba da jota da aka manna wa sitika a raba wa jama'a. Cire hoton wannan yarinyar ka sa na waccan, wallahi babu abin da zai canja. Babu hannun uwa a ciki, babu na uba, babu na ƙanne, aljihunsu kawai ya halarci bikin.

Ina zaune a Uppsala ta ƙasar Suwidin, kuma a nan farkon watan Yuni ne 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare ke fita, yara 'yan shekara 18 zuwa 19. Ranar kowa ya sa farar hula mai baƙin baki, 'yan mata cikin fararen riguna samari cikin kwat, sai a buɗe ƙofar makaranta su fito da gudu aji bayan aji suna waƙa suna tsalle. Dangi suna tsaye a fili suna jira, kuma da yake taron ya yi yawa kowane gida sai ya ɗaga kwali a kan sanda, a jikin kwalin hoton yaron ne tun yana jariri ko yana tatata, da sunansa da ajinsa, ta haka zai gano inda nasa suke. In ya iso sai a yi ta rataya masa kaya a wuya da zare shuɗi da rawaya, kalar tutar ƙasar, fure ne, 'yar tsana ce, ɗan kati ne da wata goggonsa ta rubuta da hannu. Daga nan su hau bayan babbar mota da suka yi wa ado da rassan bishiya da zanin gado da suka rubuce da fenti su zaga gari.

Maƙwabciyata na ga yadda ta haɗa na ɗanta. A teburin kicin ta baza komai, almakashi da gam da kwali, ta zaɓo wani hoto da yaron ya yi dama-dama da fuskarsa da kunu yana ɗan wata takwas ko tara, ƙanwarsa tana ninke takardu masu kala tana yin furanni ana jerawa a gefe, uban ya fito da wata sanda daga sito ya goge ta ya buga ƙusa. Rubutun ma ya ɗan karkace, harafin ƙarshe ya matse saboda fili ya ƙare. Haka suka ɗaga abinsu, kuma da yaron ya hango shi cikin taro sai da ya rufe fuska don dariya kafin ya rungume uwar. Wannan matar fa ba wai kuɗin bugawa a shago ne ba ta da shi ba.

Kada dai a ce na zauna cikin Turawa ina yi wa rogo ganin kitse. Su ma da yawa a shago suke yin odar kwalin yanzu, hular ma saye ake yi kuma akwai masu tsada sosai, sannan shaye-shayen da ake yi a kan motocin nan da kiɗan da ke hana unguwa sakat ba abin da zan so wa ɗan kowa ba ne. Kuma akwai abin da muka fi su nesa ba kusa ba, mu in an yi walima maƙwabci zai ci, almajiri zai ci, mai wucewa ma a kira shi, a tara malamai a yi wa yaro addu'a. Su liyafarsu ta wanda aka gayyata ce kawai. Abin da ya burge ni ɗaya ne, mutum mai hali ya zauna ya yi wa ɗansa abu da hannunsa kuma babu mai ce masa marowaci.

Da na bi diddigi sai na ga daga makaranta abin ya faro. A nan darasin aikin hannu dole ne a makarantar firamare har zuwa ƙaramar sakandare, mace da namiji kowa sai ya koyi aikin katako da ƙarfe da ɗinki da saƙa, akwai ɗakin aiki da kekunan ɗinki da zarto da komai. To mu ma ai mun yi aikin hannu a firamare, wa ya manta da tsintsiya da igiya da mafici da muke kai wa malam ƙarshen zango? A hankali aka ce wanda bai iya ba ya sayo a kasuwa, daga baya aka ce a kawo kuɗin kawai, shi kenan darasi ya mutu. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a Najeriya a 1982 ma da niyyar koyar da sana'a a ƙaramar sakandare ya zo, amma a makarantu da yawa ba a samu wuta ko malaman da za su yi aiki da injinan ba. Yaran da suka tashi a haka su ne iyayen yau, to ina mamaki in an ce biki sai su nufi shago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu muna da namu kayan yaye na hannu tun kafin boko ya shigo, kuma ya fi kwalin Turawan nan kyau da daraja. Allon zayyana nake nufi. Duk wanda ya tashi a cikin garin Bauchi, Jahun ko Kobi ko Gwallaga, ya san in yaro ya kusa sauka tun da sauran lokaci ake zuwa wajen mai zayyana. Zai zauna ya tanƙwashe ƙafa da allo a cinya, ya ja layi ya raba fili gida-gida, ya yi ta cike su da ja da kore da ruwan ɗorawa da baƙi, zane cikin zane, ya bar wuri a tsakiya inda za a rubuta Fatiha da farkon Baƙara da alƙalamin kara. Ranar walima yaro ya sha sabon ɗinki ya riƙe allonsa ya karanta a gaban malaminsa da dattawa, a shafa fatiha, a zaga da shi gidajen dangi ana ba shi tukuici. Allon nan ba a yar da shi. Akwai gidajen da har yau na kaka yana rataye a ɗaki, fatar da aka naɗe masa kai ta yi baƙi saboda tsufa. Ku gaya mini fostar roba nawa ce ta kai shekara biyu ba a mayar da ita shimfiɗar shanya barkono ba?

To me zai hana wanda ya gama sakandare, ko ya fito daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi, a yi masa ƙaramin allo na yaye? A sa mai zayyana ya yi adon gefe yadda ya saba, a tsakiya a rubuta sunan ɗalibi da makarantarsa da shekara, da boko ko da ajami ko duka biyun. Ni a ganina kada a sa aya a irin wannan, saboda allo ne da za a yi ta ɗauka ana hoto ana ajiyewa ko'ina cikin hayaniya, ayar Allah ta fi ƙarfin haka, a bar wa allon sauka matsayinsa. Amma zanen kansa sana'a ce, kuma masu ita suna raguwa saboda aikin ba ya zuwa kullum.

Wannan shawarar na kai wa Adda da 'yarta za ta gama sakandare bana. Ta turo mini lissafin da masu kwalliyar wuri suka ba ta, har da furen kuɗi a ciki, wato sababbin takardun naira da ake nannaɗewa a soke da tsinke a mayar kamar fure. Na ce mata Adda don Allah ki cire wannan tukuna, ko ba komai dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana wulaƙanta naira, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma bankin ya fito ya ce furen kuɗi yana cikin abin da ake nufi. In kuɗi za ki ba ta ki sa a ambulan. Amsar da ta fara ba ni ita ce wadda na san mata da yawa za su bayar, "ke kina can, ni ce zan ji kunya a ce mun yi bikin talauci." Ban raina wannan maganar ba ko kaɗan, don na san bakin mutane, na san yadda ake duba kayan rabo ana juya shi ana kimanta kuɗinsa tun ba a bar wurin ba. Amma na ce mata ta tuna gidan biki nawa ta je ta dawo da kofin roba, kuma guda nawa ta tuna na bikin wa ne.

Abin da na fi so a duk cikin abubuwan da muka tsara shi ne littafi. Kun san abin nan da yara ke yi ranar jarrabawar ƙarshe, su sa farar riga kowa ya zo ya rubuta a jiki, har namiji ya kai hannu jikin mace da sunan sa hannu, abin da ya sa iyaye da malamai ke ta ƙorafi. Ni na fahimci abin da yaran ke nema, so suke su tafi da rubutun abokansu, kuma wannan ba laifi ba ne. To a saya littafi mai fararen shafuka masu kauri a kai wa baduku ya yi masa bango da jar fata ya buga suna a kai. A fara kai wa malamai kowa ya rubuta layi biyu, sai ƙawaye, sai gida. Baffa ya rubuta nasiharsa, Goggo ta faɗa a rubuta mata, kaka in ajami ta iya ta yi da shi, in ba ta rubutu a shafa mata lalle a babban yatsa ta dangwala, a rubuta addu'arta a ƙasa da irin kalmominta, kada a gyara mata Hausa. Riga za ta koɗe ko a ji kunyar ajiye ta, littafin kuwa yarinya za ta tafi da shi har ɗakin aurenta.

Tunda an je wajen baduku, a sa ya ɗinka jakar ajiye takardun shaida irin ta gafaka amma mai faɗi, sakamakon WAEC da NECO da takardar haihuwa duk su shiga. Takardu nawa gara ta ci, nawa ruwan damina ya lalata a ƙasan akwati?

Sauran ba sai na ja ba. Baƙaƙen fata na Amurka suna rataya ƙyallen kente na Gana a wuya ranar karɓar digiri suna alfahari da shi, mu ga saƙi a gida, a samo ƙyalle ɗaya dogo a ba mai ɗinkin hula ya ɗinka suna da shekara a bakinsa. Kwalin hoton jariri ma ku ɗauka, ba na kowa ba ne, a roƙi tela ragowar atamfa a liƙa a gefe, sanda kuwa ga kara ga gora, sai dai a tuna Yuli tsakiyar damina ce a gida, a rufe shi da farar leda ko a ajiye shi a rumfa. Kayan rabo kuma ku leƙa kasuwar Wunti ko Muda Lawal, akwai ƙananan faifai da mafici na kaba da 'yan ƙore, a zuba cincin ko dabino ko aya a ɗaure da zare, ko a ɗura turaren wuta a ƙananan kwalabe. Ƙannen ɗalibi su za a tara su yi wannan aikin da daddare ana hira, su ma su san da su aka yi. Kek kuma in ba dole ba, mutumin Bauchi da ke da masa da miyar taushe me zai nema.

Abu biyu zan roƙa. Na farko a riƙa zuwa da wuri, zayyana da ɗinkin suna ba aikin kwana ɗaya ba ne, in kin je ana saura kwana uku za ki matsa wa mutum ya yi miki na gaggawa ki dawo kina cewa aikin hannu ba kyau. Da an fara WAEC a watan Mayu ya kamata a ba da aiki. Na biyu, a daina yi wa masu sana'ar nan tayin wulaƙanci. Mace za ta biya mai balan-balan abin da ya faɗa ko tari babu, amma ta tsaya tana ja-in-ja da tsohuwar da ta kwana biyu tana saƙa faifai. Kuma a tuna da malamai, a al'adar sauka malam ake fara sallama kafin kowa, amma a yayen boko sai ka ga malamin da ya yi shekara shida da yaro yana tsaye a gefe ko lemo ba a miƙa masa ba. Hula ɗaya mai kyau ko turmin atamfa da kati da yaron ya rubuta da hannunsa ya isa.

Ni da Adda dai mun tsaya a kan allo da littafi da jakar takardu, kayan rabo faifai da cincin, an cire furen kuɗi. Fostar ce ta ce ba za ta bari ba saboda ƙawayen yarinyar duk za su yi, na ce to a yi ƙarama.